Wa da Ƙane a Filin Fadama

A ƙasar Guri ba hukuma ce ke sa ranar fara kakar ƙwallo ba, ruwa ne. Haka muka taso muka tarar a farkon shekarun 1990, wajen lokacin da aka cire Jigawa daga Kano a 1991, muka wayi gari babban birnin jiharmu ya koma Dutse. Kogin Haɗejiya kan cika ya batse a ƙarshen damina, ya malale fadamu, ƙauye ba ya zuwa ƙauye sai da kwale-kwale. Sannan ya soma ja da baya. A yanke gero a tudu, a yanke dawa, a faɗa shinkafa, a buge ta a kai gida. Hunturu ya sauko, laka ta bushe ta tsattsage, shanun makiyaya su bi gonaki su kalace abin da ya rage. To, a irin wannan lokaci ne wani yammaci za ka ji an doki ƙwallo a bayan gari. Babu mai yin shela. Daga ranar an shiga kakar wasa ke nan, kuma ba a fita sai an fara sharar gona, hadari ya soma haɗowa daga gabas, iyaye sun fara laluben fartanya da masu riƙe ta.

Filin ma mu ke yin abinmu. A sami dattijon da ya yarda ya ba da aron gonarsa zuwa bazara, a tumɓuke kututturen dawa, a share tsidau da ƙarangiya, a bi sawun shanu ɗaya bayan ɗaya a cike da ƙasa, domin kofaton saniya in ya nutse a laka ya bushe, ramin da ya bari yana iya gurɗe ƙafar yaro ya kwana bakwai yana ɗingishi. A saro sanduna huɗu na maina a kafa, a ɗaura igiyar kaba a sama. Layi kuwa da tokar murhu ake ja. Rabin rigimarmu a kan igiyar nan take: in ta yi sanyi ta lanƙwaso, sai ƙwallo ta wuce a rasa ta sama ta bi ko ta ƙasa, kowa ya rantse da abin da ya gani.

Abin da na fi tunawa dai ba filin ba ne. Yadda gida ɗaya ke sakin 'ya'yansa biyu ko uku su tafi wasa a rana ɗaya, shi ne babbar magana, don ba abu ne mai sauƙi ba. Rani a fadama bai taɓa zama hutu ba. Akwai su, akwai bandar kifi, akwai yankan kaba, akwai shanun huɗa da ke jiran ciyawa da ruwa, ga makarantar allo safe da dare, ga boko ga wanda aka sa. Sai dai aikin wancan zamani yana da sassauci, mutum ɗaya kan iya riƙe na mutum biyu na yini guda. Saboda haka kowane gida da ƙa'idarsa: yau kai, gobe ni. Kuma tun da wa ne ke rabon, ƙane yakan sami ranakun atisaye, wa ya riƙe ranakun gasa.

Matsala tana tasowa ne in ƙanen ya fi iya wasa, ko in ƙungiya tana bukatar su duka biyun. A nan sai kyaftin ya ɗauki manyan yara biyu, bayan sallar la'asar su je zauren mai gida su durƙusa.

“Baba, roƙon arziki muka zo. A ba mu aron su biyun yau.”

“To shanun fa? Ƙwallon za su ci?”

“An tanadi masu yankan ciyawa, Baba. Ga su nan a waje da laujensu.”

Masu yankan ciyawar nan 'yan benci ne. Wanda ba a sa shi a wasa ba, shi zai je ya yi aikin gidan wanda aka sa, wata irin gayya ce da babu tuwo babu kiɗa. Ni da yayana ƙungiya ɗaya muke, shi ɗan baya ne da ake ji da shi, ni kuwa na fi suna wajen yankan ciyawar gidajen mutane fiye da zura ƙwallo. Ban taɓa jin wani ya kira wannan wulaƙanci ba. In an ci wasa, da kai aka ci.

A gida, ƙane ba ya ɗaga wa wansa murya. Ba ya riga shi sa hannu a kwano, ba ya kiran sunansa gatsau, in an aike su tare shi ke ɗaukar kaya. A fili kuwa sai ka ji ɗan shekara goma sha uku ya daka tsawa, “Yaya, ba ni! Yaya, kana ɓata mana!” kuma yayan ya ba shi, don in bai ba shi ba 'yan kallo za su yi masa ca. Ban san wani wuri a garinmu da aka yarda da haka ba in ba filin ƙwallo ba. Dattawan da ke zaune a gindin tsamiya suna kallo sun san abin da ke faruwa sarai, sukan yi murmushi su kawar da kai.

Wahalar tana ranar da aka raba su. A wasan yamma na yau da kullum, masu zaɓe sukan raba 'yan gida ɗaya da gangan, wai don kada gefe ɗaya ya yi nauyi. Sai ƙane ya zo da ƙwallo, ya tarar da wansa a gaba. In ya yanke shi ya wuce, fili ya ɗauki ihu, ya san da sauran magana da daddare. In ya ji nauyi ya sake ta, 'yan gefensa su ce ya sayar da wasa. Na ga yaron da ya zura wa wansa ƙwallo ta tsakanin ƙafafu a gaban 'yan matan da ke tallan gyaɗa, ya ci, ya fara murna, sai ya tuna, ya tsaya cak ya sunkuyar da kai. Da dare kwano ɗaya suka ci tuwo, wan ya ɗauke kan tarwaɗa da tsakiyarta ya bar masa wutsiya, bai ce uffan ba. Uwarsu, wadda ba ta taɓa taka filin ba amma labari ya riga su isa gida, ta kira ƙaramin ɗaki ta ƙara masa wani yanki a ɓoye. Washegari tare suka fito.

Na 'yan uba ya fi wannan zurfi. A gidan da ke da mata biyu ko uku, yara sukan gaji kishin da ba su san mafarinsa ba. Muna da wasu 'yan uba biyu, tsiransu watanni, ɗaya lamba tara ɗaya lamba goma, waɗanda a gida ko gaisuwar kirki ba ta haɗa su. Kakar farko ko kusa ba sa ba juna ƙwallo. Wannan zai ga wancan shi kaɗai a gaban gola, ya gwammace ya buga ta daga nesa ta tafi gonar wani. Malamin firamaren da ke horar da mu, wanda shi ne kuma alƙalin wasa in an rasa wani, bai yi musu wa'azi ba. Cewa ya yi duk ƙwallon da ɗayansu ya ci ba daga ƙafar ɗan'uwansa ba, ba za a lissafa ta a atisaye ba. Suka yi fushi, suka yi zuciya, suka dawo. Ba zan ce ƙwallo ta kashe 'yan ubanci a gidan ba, don da aka zo rabon gado bayan shekaru an ji su. Amma ranar da wani ƙaton ɗan baya na wani ƙauye ya taka lamba tara da gangan, lamba goma ne ya fara isa wurin, kuma sai da mutum uku suka riƙe shi.

Wannan ma wani abu ne da ke tattare da 'yan gida ɗaya a fili: in an taɓa ɗaya an taɓa duka, har da waɗanda ke bakin layi. Wasan waje, ko a Kadira ko a Adiyani ko a wani ƙauye da ke hayin ruwa, a ƙafa ake zuwa ko a keke, wa yana tuƙi ƙane a baya rungume da ƙwallo, wani wurin a sauka a ɗaga keken a ka a ratsa ruwa. Kyautar gasa ba ta wuce akuya ko kofin da wani ɗan kasuwa ya sayo a Haɗejiya ba. Duk da haka sau da yawa ba a kai ga busa usur na ƙarshe, sai dai kowa ya kama hannun ƙanensa a ruga, domin ka koma gida da kunnen doki ko da kashi duk mai sauƙi ne, amma ka koma ba tare da yaron da aka ba ka amana ba, wannan ba ya faɗuwa.

A rediyo muka san cewa abin da muke yi a gonar dawa ana yin sa a duniya. A 1993 Najeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a Japan, a cikin yaran akwai Ibrahim Babangida, ɗan Kaduna. A watan Agustan 1996, tsakiyar damina, muna zagaye da rediyo mai batir Najeriya ta doke Ajantina da ci 3 da 2 a wasan ƙarshe na gasar Olympics ta Atlanta, a tawagar akwai wansa Tijjani, wanda ya koma Ajax ta ƙasar Holan a shekarar. Sai kuma aka ce akwai ƙaraminsu Haruna, Barcelona ta ɗauke shi tun yana ɗan yaro. Uku daga gida ɗaya, kuma masu irin sunayenmu. Da Tijjani ya zura wa Afirka ta Kudu ƙwallo biyu a Legas a wasan kusa da na ƙarshe na kofin Afirka a 2000, duk gidan da ke da maza uku a unguwarmu sai da aka laƙaba masa sunan gidan su Babangida. Da labari ya zo a watan Mayun 2024 cewa Ibrahim ya rasu a haɗarin mota a hanyar Kaduna zuwa Zariya, Tijjani yana cikin motar ya ji rauni, mutanen da suka yi furfura a Guri sun yi ta jajanta wa juna.

Abin da ya fara sauya kakar wasanmu ba daga ƙwallo ya zo ba, daga kogi ya zo. Dattawa sun sha gaya mana cewa ambaliyar da muka gani ba komai ba ce a kan ta da, kafin a gama madatsar Tiga a 1974. Sai aka ƙara ta Challawa a 1992. Ruwan da a da yake zuwa gaba ɗaya ya tafi gaba ɗaya, ya koma ana sako shi kaɗan-kaɗan har da rani. Magudanan da suka saba bushewa suka daina, ciyawar kachala ta sami wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama masaukin tsuntsayen jan-baki. Wani wuri ruwa ya ƙi zuwa, wani wuri ya zo ya ƙi tafiya. Filin da muka fi buga wasa a kansa, yau kachala ce ta fi tsayin mutum.

A ɗaya gefen kuma noman rani ya bunƙasa, kuma wannan alheri ne, ba na musu. Tun da gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987 mutane suka gane akwai kuɗi a fadama bayan damina. Shirin Fadama na shekarun 1990 ya baza ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin tiyo. Rufe iyakokin ƙasa a 2019 ya ɗaga darajar shinkafar gida. Yanzu gonar da a da ake ba yara aro daga sanyi zuwa bazara, ana gama yankan shinkafa za a kafta ta a zuba alkama, ko albasa, ko tattasai. Babu mai hankalin da zai ba da ita a yi ta tsalle a kai. Ƙwallo ta tattara ta koma filin makaranta, unguwa huɗu ko biyar suna layi a fili ɗaya, manya su kore ƙanana. A shekarar babbar ambaliya irin ta 2022 kuwa, makarantun ma masaukin waɗanda ruwa ya raba da gidajensu suka zama.

Injin ban ruwa ba saniya ba ne da za ka turo ɗan benci ya ba ta ciyawa. Yana son wanda ya san shi, ya san kwamin da ya sha da wanda bai sha ba, ya san ƙarar da ke nuna tiyo ya ja iska. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kowace lita da ta ƙone a banza ana jin ta a tukunya. In shinkafar rani ta fara nuna, sai an tsaya korar jan-baki daga asuba zuwa faɗuwar rana. Wannan ya kashe tsohuwar ƙa'idar yau kai gobe ni. Aiki ya daina karɓar canji, sai gida ya ware mutum ɗaya ya ce kai ne na gona. Kusan kullum wa ne.

Sai ga shi a daidai wannan lokaci iyaye sun sauya ra'ayi game da ƙwallon kanta. Uban da a da yake bin ɗansa da tsumagiya har fili, jikansa yanzu shi ake saya wa takalmin ƙwallo na gwanjo a kasuwar Haɗejiya. Gidan kallo ne ya yi wannan aiki, da janareto da allon da ake rubuta wasannin mako da alli, sannan waya ta zo ta ƙarasa. Kanu ya je Arsenal a 1999 ya tafi da rabin gari, Mikel ya je Chelsea a 2006 ya kwashi sauran, Madrid da Barcelona suka raba na baya. A ɗaki ɗaya za ka ga wa da jar riga ƙane da shuɗiya, kuma wannan gardamar ba ta san girma ba. Ranar da Ghana ta kara da Jamus a kofin duniya na 2010, aka ce Kevin-Prince Boateng da Jerome Boateng ubansu ɗaya uwa kowa da tasa, ga su a gefe biyu, gidan kallo ya kaure da dariya, wani ya ce ashe Turai ma akwai 'yan uba. Amma wanda ya fi shiga zuciyar iyaye shi ne Ahmed Musa. Yaro ya buga wa Kano Pillars, ya tafi Turai, ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, ya dawo yana gine-gine yana rabon abinci da azumi. Daga nan ƙwallo ta tashi daga shiririta ta zama sana'ar da ake yi wa addu'a.

Sana'a kuwa jari take so, gida kuma ba ya iya zuba jari a kan mutum biyu. Don haka yanzu abin da nake gani shi ne wa a bakin inji, ƙane a fili. Wa ne ke biyan kuɗin rajistar gasa, shi ke sayen riga, shi ke ba da kuɗin mota in an ce ana gwajin 'yan wasa a Haɗejiya ko Dutse ko Kano. Hanyar kuma ƙunci gare ta. Ƙungiyar jiha, Jigawa Golden Stars, ta faɗo daga babbar gasar Najeriya a 2021. Kofin Ramat da ake yi wa matasa a Kano don tunawa da Janar Murtala Muhammad, yaro nawa ne daga ƙauyen fadama zai kai can? Tsakanin yaron da wannan mafarki akwai 'yan tsakiya masu daɗin baki, waɗanda ke karɓar kuɗin buhun shinkafa da sunan fom da fasfo, daga nan waya ta daina shiga. Na san gidan da aka sayar da sa saboda irin wannan, kuma wanda ya yi kiwon san bai taɓa buɗe baki ya yi wa ƙanensa gori ba, abin da ni a ganina ya fi gorin nauyi a kan yaron.

Ba na cikin masu cewa komai na da ya fi. Yaran yanzu sun fi mu iya wasa nesa ba kusa ba. Sun san satar gida, sun san tsari, suna da raga ta gaske da ƙwallon fata, alƙalin wasa yana da kati a aljihu, faɗa ya ragu. In zaɓe ya matso 'yan siyasa sukan sa kofi da kuɗi da riguna masu hotonsu, a yi gasa ta mazaɓa-mazaɓa, in zaɓe ya wuce a nemi kofin a rasa. Duk da haka rigunan suna saura a jikin yara. Abin da na ce an rasa ƙarami ne, ba ya shiga lissafi: wurin nan guda ɗaya da ƙane ke daka wa wansa tsawa a gaban jama'a, su dawo gida su ci kwano ɗaya. In ɗaya yana gona ɗaya yana fili, girma yana nan, biyayya tana nan, har da bashin da ba a faɗa, amma ba su taɓa gwada ƙarfi da dabara a matsayin tsara ba.

'Yan'uwanmu mata kuwa, a da da yanzu, rabonsu a kakar wasa bai wuce bakin layi ba. Su ke kawo tallan gyaɗa da awara da ruwan sanyi, su ke wanke rigunan, su ke kai labari cikin gida kafin 'yan wasa su iso. Ƙanwata ta fi ni sanin wanda ya kamata a cire da wanda ya kamata a sa, kuma har yau in ana wasan Najeriya ita ke kira na ta gaya mini laifin koci. Ba a taɓa tambayar ta ko tana son bugawa ba, ni ma ban tambaye ta ba.

A ranin da ya wuce 'ya'yan yayana biyu sun shiga gasar unguwanni a ƙungiya ɗaya, abin da ya zama baƙo har ana nuna su. Uban, tsohon ɗan bayan nan, shi ya ɗaure musu gindi: ranar wasa yakan ɗauki ɗan ƙwadago ya biya shi, shi kuma ya zauna bakin inji da kansa. Babban yana tsaron gida, ƙaramin yana gaba, kuma na ji da kunnena ƙaramin yana ce masa, “Yaya, fito mana, kana barci ne?” Sun kai wasan ƙarshe. Sai azumi ya kama aka ɗage zuwa bayan Sallah, bayan Sallah alkama ta isa yanka, babu gidan da zai saki ko mutum ɗaya. Da aka gama sussuka, wanda ya sa kofin ya tafi Abuja, babban kuma ya bi motar albasa zuwa kudu neman kuɗin taki. Ƙaramin yana nan yana atisaye a filin makaranta, an ce za a buga wasan in ruwa ya janye.